Fata da baki sun riga ciki magana: nazarin lamarin wani baduku a Damagaram

Asalin mai jinyar

Mutumin da wannan nazari ya shafa baduku ne a unguwar Birni, cikin garin Zinder. Shekarunsa 54 lokacin da abin ya soma. Gadon sana'ar ya yi, tun yana yaro hannunsa ke cikin fata da rini da basilla, yana ɗinka jakunkuna da takalma da kayan doki. Matarsa ɗaya, ƴaƴansa bakwai. Babban ɗan ya gama makarantar sakandare, yana taya shi aiki a rumfa, kuma shi ne ya riƙa rubuta magungunan da aka saya da ranakunsu a wani ɗan littafi. Daga littafin nan da takardun asibiti aka samo yawancin abin da ke tafe.

Ba mai jiki ba ne. Wata takardar asibiti ta 2021, lokacin da ya yi zazzaɓin cizon sauro, ta nuna nauyinsa kilo 68, tsayinsa mita 1 da santimita 72. Ba shi da ciwon suga, ba shi da hawan jini. Ba ya shan sigari, amma yana cin goro, yana kuma sa tabar gari da kanwa a baki tun samartaka. Ya fi shekara goma yana fama da ƙwannafi da zafin ciki. In ya taso masa, sai ya jiƙa jar kanwa ya sha, ko ya sayi ƙwaya wajen mai tebur. Mahaifinsa ya rasu bayan doguwar jinya ta amai da rama, wadda a gida aka kira ciwon ciki kawai, ba a kuma kai shi asibiti ba.

Oktoba zuwa Disamba 2022: wuya da tafin hannu

Matarsa ce ta fara gani. A watan Oktoba ta lura ƙeyarsa ta yi duhu fiye da sauran jikinsa, fatar ta yi kauri, ta yi layi-layi. Ta zaci dauɗa ce da gumi. Ta ce masa, "Malam, ka riƙa dirje wuyan nan da soso." Ya dirje da sabulun salo har wurin ya yi zafi, duhun bai fita ba. Cikin mako shida ya sauka hammata biyu, da matse-matsi, da kewayen cibiya, da lanƙwasar gwiwar hannu. Ƙaiƙayi ya biyo baya, ya fi tsanani da dare.

Ana cikin haka sanyi ya shigo da iskarsa da ƙurarsa. A wannan lokaci kowa a garin fatarsa bushewa take, ƙafa ta yi faso, leɓe ya tsage. Aka ɗora laifin a kan hunturu, aka ba shi man kaɗanya.

A Disamba tafin hannunsa ya canza. Baduku dama yana da kanta a inda basilla da wuƙa ke dannawa, amma wannan daban yake. Tafin ne gaba ɗaya ya yi kauri, dama da hagu, har wuraren da ba sa taɓa kayan aiki. Zanen hannun ya fito ɓaro-ɓaro, ya yi ƴan tudu da kwari, kuma in an shafa sai a ji laushi, ba taurin kanta ba. Duk wanda ya taɓa wanke tumbin rago ya dubi cikinsa zai gane kamannin, da shi ma likitoci ke siffanta wannan alama. Abokan sana'arsa suka ce sabon rinin gwangwani ne ke cin hannu. Ya bar shi, ya koma wa karan dafi irin na iyaye. Hannun bai sauya ba.

Janairu da Fabrairu 2023: maganin fata

Wani mai sayar da magani a kasuwa ya dubi wuyan ya ce makero ne ya yaɗu. Ya ba shi ƙwayar girisofulbin ta mako huɗu da man shafawa mai kotizon. Ƙaiƙayin ya lafa na ƴan kwanaki, ya dawo. Kaurin fatar bai ragu ba.

A ƙarshen Janairu wasu ƙuraje irin na tusar jaki suka feso masa a baya da ƙirji, masu launin ƙasa zuwa baƙi, a zaune a saman fata, ba ruwa ba mugunya. Ba a hankali suka zo ba. Ɗansa ya ƙirga sama da 60 a tsakiyar Fabrairu, alhali a Disamba babu ko ɗaya.

Wannan ya sa ya je wani ƙaramin asibiti na unguwa. Aka duba wuyansa ta saman riga, aka sa shi gwajin suga bai karya ba. Sakamakon ya fito gram 0.9 a lita, wato lafiya lau. Dalilin gwajin yana da tushe. Duhu da kaurin fata a wuya da hammata abu ne da ake yawan gani a jikin masu ƙiba da masu ciwon suga ko waɗanda ke dab da kamuwa da shi, saboda yawan sinadarin insulin a jini yana sa fatar waɗannan wurare ta yi kauri. Da gwajin ya fito daidai, sai aka ce masa ba wani abin damuwa, ya ci gaba da shafa mai. Ba a auna nauyinsa ba ranar, ba a dubi bakinsa ba, bai kuma cire riga ba.

Maris da Afrilu 2023: azumi, da ciwon baki

An ɗauki azumi ranar 23 ga Maris, cikin zafin bazara. A makon farko leɓunansa suka yi kauri, gefen bakin ya tsage. Daga nan wasu ƴan tsiro ƙanana masu yawa, a cushe da juna, suka rufe leɓen ƙasa, suka shiga dasashi da ganɗa da cikin kumatu. Harshen ya yi kauri ya tsattsage. Yaji da tsami da kunu mai zafi duk suka gagare shi.

A wani kantin magani aka ce farin baki ne irin na naman gwari, aka ba shi ruwan nistatin na kurkura. Da bai ji sauƙi ba, wani ma'aikacin lafiya da suke masallaci ɗaya ya ba shi shawarar gwajin sida, wato ƙanjamau, tunda ciwon baki da rama sukan zo tare da ita. Ya yi, ba shi da ita.

A nan ne cikin ya fara nuna kansa. Da buɗa-baki, in ya sha kofin kunu ya yi loma uku ko huɗu ta tuwo, sai ya ji ya cika. Zafin da ke ƙasan ƙirjinsa ya daina jin kanwa. Duk wannan aka ce azumi ne, ramar ma azumi ce, wa ke ƙiba a watan Ramadan cikin bazara? Aka saya masa omeprazol, ƙwaya ɗaya da sahur. Zafin ya ragu sosai, shi da iyalinsa suka ɗauka an gano ciwon, olsa ce.

A gefe guda yayarsa ta kawo jiƙe-jiƙe da sassaƙe daga ƙauye, aka kuma fara raɗe-raɗin sammu, don mutum ba ya canza fata haka kawai a ganinsu. Shi bai karɓi maganar sammun ba, amma ya sha abin da aka kawo don kada ya watsa wa yayarsa ƙasa a ido. Bayan ƙaramar Sallah ɗansa ya ɗora shi a sikelin wani farmasi. Kilo 61.

Mayu zuwa farkon Yuli 2023: jini ya yi ƙasa

Azumi ya wuce, nauyi bai dawo ba. Ya soma jin jiri in ya miƙe, numfashinsa na sama-sama in ya taka daga Birni zuwa kasuwar Dole. Tun a Mayu bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin mai ɗanko da wari, amma bai faɗa wa kowa ba, abu ne da dattijo ba ya son ɗaga maganarsa. Yana kuma shan diklofenak don ciwon baya, maganin da ke ƙara cin bangon tumbi.

A Yuni aka ga idonsa ya yi fari, aka ba shi ƙwayar ƙarin jini da maganin tsutsar ciki. Ƙwayar ƙarin jini ita ma tana baƙanta bayan gida. Saboda haka da ya daure ya faɗa wa matarsa, sai aka ce ai maganin ne, ba a tambayi wanne ya riga wani ba.

Da babbar Sallah, a ƙarshen Yuni, bai iya cin naman layyarsa ba. Ya ce ƙamshin suyar ma tayar masa da zuciya yake. A makon farko na Yuli ya yi amai da asuba, a ciki har da abincin da ya ci shekaranjiya, ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Aka kai shi cibiyar lafiya ta unguwa.

Malamar jinyar da ta karɓe shi ta auna jininsa, ta samu gram 7.9, inda ya kamata namiji baligi ya kai 13. Za ta sa masa ƙarin ruwa ne ta kama hannunsa, ta juya tafin, ta tsaya. Ta ce, "Baba, tun yaushe hannunka ya zama haka?" Ta roƙe shi ya cire riga, ta haska bakinsa da fitilar waya, ta ɗora shi a sikeli. Kilo 55. A takardar da ta tura shi babban asibiti da ita ta rubuta abu huɗu a jere: ƙarancin jini mai tsanani, asarar kilo 13, amai na tsohon abinci, da canjin fata da baki da tafin hannu na wata tara.

Yuli 2023: binciken babban asibiti

Likitan da ya gan shi ya duba shi daga kai har ƙafa, ya kira wani likitan fata suka duba tare. Suka sa wa abin da suka gani suna uku.

Duhu da kaurin wuya da hammata da matse-matsi shi ne akantosis nigirikans. Iri biyu ne aka fi magana a kansu. Na masu ƙiba da suga a hankali yake zuwa, yakan tsaya a wuya da hammata, ba kasafai yake ƙaiƙayi ba, kuma ba ya cika shiga baki. Ɗayan, wanda ba a cika gani ba, yakan zo wa wanda ya haura 40, sau da yawa siriri, ya zo da sauri, ya bazu, ya yi ƙaiƙayi, ya kama leɓe da harshe. Wannan na biyun alama ce ta ciwon daji a cikin jiki, galibi a cikin ciki, kuma a fiye da rabin waɗanda aka rubuta labarinsu tumbi ne mazaunin ciwon.

Tafin hannun shi ne alama ta biyu. Kusan tara cikin goma na masu irin wannan tafi da aka ba da rahotonsu an same su da ciwon daji. In tafin ya zo shi kaɗai, huhu aka fi zargi. In ya zo tare da duhun wuya da hammata, tumbi ne kan gaba.

Ta uku ita ce fesowar ƙurajen nan a lokaci guda, wadda ake kira alamar Leser da Trélat, sunayen wasu likitocin fiɗa biyu, Bajamushe da Bafaranshe. Ita kaɗai ba ta da ƙarfi, domin tsofaffi da yawa suna da irin waɗannan ƙuraje ba tare da wani ciwo ba. Abin da ya ba ta nauyi a nan shi ne saurin fitowarta da kuma abokan tafiyarta.

Yadda abin ke faruwa, a mafi rinjayen bayanin masana, shi ne ƙarin da ke cikin tumbi yana sakin wasu sinadarai masu sa ƙwayoyin jiki su hayayyafa, musamman wanda ake kira TGF-alfa. Jini ya kwashe su ya kai fata da shimfiɗar cikin baki, su kuma su yi ta kauri. Wato babu dajin a cikin fatar kanta. Shi ya sa man shafawa ba ya kai wa ga tushen, shi ya sa kuma fatar takan nuna wani lokaci tun kafin ciki ya matsa.

Likitan ya lalubi ramin da ke saman ƙashin wuya na hagu, inda kaluluwar da likitocinmu ke kira ta Troisier kan kumbura in dajin tumbi ya yi nisa. Babu. Ya danna cibiya ko akwai ƙullutu mai tauri, babu. Hanta ba ta kumbura ba, ciki ba ruwa. Aka ƙara masa jini leda biyu, ƙanensa da ɗansa suka bayar.

Ranar 18 ga Yuli aka yi masa fibroskopi, wato zura siririn tiyo mai fitila da kyamara ta baki zuwa tumbi. Ya kwana bai ci ba, aka fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, aikin bai kai minti 20 ba. An ga gyambo mai faɗin santimita 4 a ƙasan tumbi, kusa da mafitar abinci zuwa hanji, gefensa ya yi tudu ba daidai ba, yana zubar da jini in an taɓa, ya kuma matse mafitar. Aka gutsuro ƴan tsoka guda takwas aka aika Yamai don a duba a madubin likita.

Agusta 2023: jira da sakamako

Kwana takwas bayan haka, ranar 26 ga Yuli, aka yi juyin mulki a Yamai. Ranar 30 ga wata ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki. Dangin da suka fara shirin kai shi Kano, kamar yadda mutanen Damagaram da yawa suka saba, suka fasa. Magunguna suka fara tsada, wasu suka yi wuyar samu.

Sakamako ya zo a tsakiyar Agusta: adenokasinoma, wato dajin da ke tasowa daga shimfiɗar tumbi, tare da ƙwayar cutar Helikobakta a sauran bangon. Hoton sikana bai nuna komai a hanta ko huhu ba, sai ƴan kaluluwa da suka kumbura a gefen tumbin.

Helikobakta ita ce babbar musabbabin dajin tumbi a duniya. Likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka tabbatar da alaƙarta da gyambon ciki a farkon shekarun 1980, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Tun 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji. Galibi tun ƙuruciya ake ɗaukarta, a gida, ta ruwa da abinci da cuɗanya. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba za su taɓa yin daji ba. A jikin ƙalilan ne kumburin shekara da shekaru ke lalata bangon tumbi har ya rikiɗe, kuma yawan gishiri da abincin da aka busar da hayaƙi da taba da gado suna ƙara haɗarin.

Likitan ya zaunar da shi da matarsa da ɗansa ya faɗa musu sunan ciwon ba tare da ɓoyewa ba. Tambayar farko da mutumin ya yi ita ce, "Likita, shi ne abin da ya ɗauki mahaifina?" Ta biyu kuma ko wuƙa ba za ta sa ciwon ya bazu ba, don haka aka saba faɗa a gari. Aka bayyana masa cewa waɗanda ake gani sun rasu bayan fiɗa galibi ciwon ya riga ya bazu kafin a buɗe su, kuma nasa bai kai nan ba. Ya nemi mako guda ya yi shawara da istihara. Ya dawo ya sa hannu.

Satumba 2023: fiɗa

A ƙa'ida akan so a fara da maganin daji na jijiya kafin fiɗa. A wajensa zubar jini da toshewar mafita suka sa aka fara da wuƙa. Ranar 5 ga Satumba aka cire kusan kashi uku cikin huɗu na tumbin daga ƙasa, aka haɗa abin da ya rage da hanji, aka kwashe kaluluwa 18. Binciken da aka yi musu ya nuna ciwon ya shiga guda uku, ya kuma ratsa bangon tumbin, amma gefen da aka yanka fes yake. Mataki na uku ke nan.

Kuɗin aikin ya cinye ragunan da yake kiwo da adashen matarsa, ƴan uwansa dukawa suka yi karo-karo suka cika. Ya kwana 11 aka sallame shi da kilo 52.

Ƙaiƙayin ya ɗauke kafin mako uku. A ƙarshen Oktoba tsiron leɓe da ganɗa ya kwanta, ya iya cin miya mai ɗan yaji. Babu wani mai da aka shafa.

Oktoba 2023 zuwa Afrilu 2024: shimiyo

Maganin daji na bayan fiɗa, wanda a nan ake kira shimiyo, a Yamai aka tsara masa shi. Duk mako uku a sa masa okzaliplatin ta jijiya, sannan ya sha ƙwayar kapesitabin safe da yamma kwana 14, ya huta kwana 7, har zagaye takwas. Tsakanin Zinder da Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Maraɗi da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, yini guda cur a mota. Ga wanda aka yanke wa tumbi wannan tafiya jinya ce ta daban. Wani zagayen ya makara da kwana goma saboda ƙwayar ta yanke a kasuwa.

A Disamba iyalin suka firgita. Tafin hannunsa da na ƙafarsa suka sake yin duhu, suka bushe, suna zafi. An riga an gaya musu cewa dawowar alamun fata na iya nufin dawowar ciwon, don haka matarsa ta kwana tana kuka. Da aka duba, sai aka ga ba shi ba ne. Kapesitabin na da wannan illa a tafin hannu da ƙafa, kuma a jikin baƙar fata duhu takan fara nunawa maimakon ja. Wannan karon fatar sulɓi ta yi tana saɓa, ba tudu da kwarin da, ba ƙaiƙayi, wuya da hammata da baki kuma sai ƙara washewa suke. Aka rage yawan ƙwayar, aka ba shi man laushi, abin ya lafa.

Okzaliplatin kuma ya sa yatsunsa suka fara mutuwa, in ya taɓa ruwan sanyi sai ya ji fizga. Bayan zagaye na shida ya kasa zura zare a basilla. Likitoci suka dakatar da wannan, ya ƙarasa zagaye biyun ƙarshe da ƙwaya kaɗai, don illar kan zama ta dindindin in aka matsa, shi kuwa da yatsun yake ci.

Cin abinci sai da ya sake koyo. Shayi mai sukari da fura mai zaƙi suna sa shi gumi da bugun zuciya da jiri, saboda abinci na faɗawa hanji da sauri. Ya koma ci kaɗan-kaɗan sau shida a yini, ya raba ruwa da abinci da rabin awa. Azumin da aka fara 11 ga Maris 2024 bai yi shi ba, limamin unguwarsu ya tabbatar masa da rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya.

Mayu 2024 zuwa Maris 2025: bibiya

Aka ba shi maganin Helikobakta na kwana 14 don sauran tumbin, aka sa shi a allurar bitamin B12 da ƙwayar ƙarin jini, tunda in tumbi ya ragu jiki ba ya tsotse su yadda ya kamata. Ya bar tabar gari da diklofenak. A Satumba 2024 nauyinsa kilo 60, jininsa gram 12.4. Tafin hannu ya koma daidai, sai kantar sana'a. Wuyan ya rage ɗan duhu, ƙurajen baya sun ragu amma ba su ƙare ba. Fibroskopi da sikana na Maris 2025 ba su nuna dawowar ciwon ba. Yana aiki rabin yini, ɗinkin da ke son ƙaramar allura ɗansa ke yi.

An gwada matarsa da manyan ƴaƴansa da ƙannensa biyu ta bayan gida. Huɗu suna ɗauke da ƙwayar cutar, aka yi musu magani. Ƙanensa mai shekara 49, wanda shi ma ya daɗe da ƙwannafi, an yi masa fibroskopi, aka samu kumburi kawai.

Ba a ce ya warke ba tukuna. Dajin tumbi na mataki na uku ya fi dawowa a shekara biyu zuwa uku na farko, don haka duk wata shida zai koma, kuma an ce wa iyalin su kawo shi ba jira in ƙaiƙayi ko kaurin wuya ko tsiron baki ya dawo.

Abin da lamarin ya nuna

Wata tara suka wuce tsakanin duhun ƙeya da fibroskopi. A cikinsu ba wanda ya yi masa mugunta, kuma kowane zato yana da hujjarsa: hunturu na busar da fata, rini na cin hannu, azumi na ramar da mutum, ƙwayar ƙarin jini na baƙanta bayan gida. Matsalar ita ce kowa ya dubi gaɓa ɗaya ya ba ta magani ɗaya. Mai maganin fata bai ga baki ba, mai maganin baki bai tambayi ciki ba.

A ganina wuri biyu ne aka fi yin asara. Na farko ranar gwajin suga. Da sakamakon ya fito daidai, ya kamata tambayar ta ƙara girma, ba ta mutu ba: siririn mutum mai shekara 54, ba suga, me ya kawo masa fatar masu suga cikin wata uku? Na biyu omeprazol. Magani ne mai kyau a inda ya dace, amma yana kwantar da zafin dajin tumbi kamar yadda yake kwantar da na olsa, yana ma iya ɓoye Helikobakta a gwaji. Wanda ya haura 45 yana rama, ko yana saurin ƙoshi, ko jininsa ya yi ƙasa, bai kamata a bar shi a kan wannan ƙwaya wata da watanni ba a leƙa cikinsa ba.

Dole kuma a faɗi iyakar abin. Mafi yawan masu duhun wuya a garin nan ƙiba ce ko suga, ba daji ba, kuma mafi yawan masu dajin tumbi fatarsu ba ta nuna komai. A 2022 an ƙiyasta sabbin masu wannan ciwo kusan miliyan ɗaya a duniya, wajen 660,000 suka rasu, kuma ƙalilan ne cikinsu suka samu irin wannan sanarwa. Ko masu samunta, sau da yawa ciwon ya riga ya yi nisa. Ƙasashen da suka rage mace-macen, irin su Japan da Koriya ta Kudu, ba fata suke jira ba. A Koriya ta Kudu daga shekara 40 ake leƙa tumbin mutane duk shekara biyu, kuma in aka kama ciwon a matakin farko fiye da tara cikin goma suna wuce shekara biyar.

Mu ba mu da wannan tsari, shi ya sa alamar da ido ke gani take da daraja a wajenmu. Abin da ya juya lamarin wannan baduku bai ci ko dala ba: malamar jinya ta juya tafin hannu, ta sa an cire riga, ta haska baki, ta kwatanta nauyin yau da na tsohuwar takarda, ta kuma rubuta duka a takarda ɗaya yadda likitan gaba ba zai iya kallon jinin kaɗai ba. Sauran kuma gaskiyar da aka faɗa masa ce ta sa ya yarda da fiɗa, da dangin da suka ba da jini da kuɗi.

Da ɗansa ya haɗa lissafin littafinsa, kuɗin mayuka da ƙwayoyi da jiƙe-jiƙen da aka saya daga Oktoba zuwa Yuni ya zarce abin da suka biya na fibroskopi da binciken tsokar gaba ɗaya.